Tsibin da Aka Ce Kada Baba Ya Taɓa

Ni na fara jin warin, kuma har yau ina tuna wa mutanen gidanmu haka duk ranar da suka ce na cika mita. Da safe ne, na dafa shayi, na zuba wa surukina a kofinsa na ƙarfe, na zuba nawa. Ina kai shi baki na ji kamar na leƙa tankin babur. Na juya kan maigidana na ce, "Kai dai ka sake wanke hannu a bokitina ko?" Bakanike ne, duk abin da ya taɓa sai ya bar masa shaida. Ya rantse bai je kusa da bokitin ba, ni kuma na ce ban yarda ba. Muna cikin wannan ja-in-ja surukina, wanda duk layinmu ke kira Baba Mai Guga, ya ajiye kofinsa, ya tashi ya nufi rijiya.

Rijiyar tana tsakar gida, dab da katangar baya, bayan katangar kuwa gidan mai ne. Baba ya zura guga ya jawo, ya kai hancinsa bakin gugan ya daɗe a haka. Sannan ya karkata shi wajen hasken rana, muka ga wani maiƙo mai launi-launi yana yawo a saman ruwan. Ya ce, "Ƙyale mijinki, 'yata, ba hannunsa ba ne. Daga ƙasa abin yake zuwa." Ya zubar da ruwan nesa da shukokinsa, ya naɗe igiya, ya rataye gugan a ƙusa. Shekarata goma sha ɗaya a gidan a lokacin, ban taɓa ganin ya rataye guga da hantsi ba.

Haƙar rijiya ce sana'ar Baba tun yana saurayi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar ɓawon itace. Rabin rijiyoyin unguwarmu shi ya shiga cikinsu da diga da ɗan shebur mai gajeriyar ƙota, ya fito da laka har gira. Yakan damƙi ƙasa ya murza, ya sansana, ya ce saura gaba biyu a tarar da ruwa, kuma a tarar. Da injinan da ke huda ƙasa a yini ɗaya suka zo, aikinsa ya ja baya har ya tsaya, bai kuwa yi ƙorafi ba. Tamu ta gida ita ya fi so, don ya haƙa ta ne shekarar da ya auri Inna, uwar maigidana, Allah ya ji ƙanta. Wai ta taɓa cewa wuyanta na ciwo saboda ɗaukar ruwa. Bai ce mata komai ba, washegari ta tashi ta ga ya fara rami a tsakar gida.

Haka halinsa yake. Ba ya tambaya, ba ya sanarwa, gyara kawai yake yi. In ya ga ƙofar maƙwabci ta saki, sai ya bari mai gidan ya fita sannan ya je ya ɗaure ta, don kada mutum ya ji kunya. In aka yi masa godiya sai ya sha mur kamar an zage shi. Kuma bai iya ganin abu cikin ƙishi ya wuce ba. Ko ciyawar da ta tsiro a tsagin siminti sai ya ɗiga mata ragowar ruwan butarsa. Ni da nake share tsakar gidan na sha yin tsaki a kan wannan, amma ciki-ciki, don ba ni da bakin yi wa uban mijina faɗa. In raina ya ɓaci da Baba, tukwane ne ke shan wahala, sai kuma ɗansa.

Ashe tankin da ke binne a ƙarƙashin gidan man ne ya tsufa ya huje, ya daɗe yana yoyo ba wanda ya sani. Fetur ya jiƙa ƙasar wurin, ya gangara har ya tarar da ruwan da rijiyoyinmu ke sha. Gida bakwai abin ya shafa a layinmu. Ma'aikatan kula da muhalli suka zo suka ɗebi ruwa a kwalabe, bayan mako biyu suka dawo suka ce kada a sha, kada a yi girki, kada ma a yi wanka da shi. Aka yi wa rijiyarmu murfin ƙarfe aka sa kwaɗo. Baba da kansa ya riƙe musu murfin suna ɗaurewa, fuskarsa ba yabo ba fallasa, amma ranar bai ci abincin rana ba.

Daga nan na zama 'yar jarka. Famfon da ya fi kusa da mu yana can bayan makarantar firamare, sai ka tsallaka babban titi, ka bi layi, wata rana kana kaiwa gaba ruwan ya ɗauke. Jarka shida kullum, ga wanki, ga girki, ga kajina. Bayana ya fara ciwo, bakina kuma ya ƙara tsawo. Na zagi tankin, na zagi wanda ya binne shi, na zagi babur ɗin da ya fara shan fetur a duniya. An tono tankin an tafi da shi, an rufe gidan man, aka kewaye filin da kwanon rufi, sai kuma shiru. Shekara guda cur muna kallon kwanon nan.

Sannan Injiniya ta zo daga ofishin kula da muhalli. 'Yar siririya ce mai gilashi, da takalman roba da suka yi mata yawa, ba za ta girmi ƙanwata ba. Da na gan ta na ce a raina, wannan ce za ta wanke ƙasa? Ta tara mu a tsakar gidanmu, gidaje bakwai ɗin, ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce muddin ƙasar da ta sha fetur tana nan, za ta yi ta tsiyaya wa ruwa, don haka ba a gyara ruwa sai an gyara ƙasa. Hanyoyin gyaran suna da yawa, abin da ya yi aiki a wani wuri kuma ba lallai ya yi a nan ba, shi ya sa za a fara gwadawa a kan kaɗan na wata shida. Hanyar da ta fi, da ita za a bi filin gaba ɗaya.

Na ce, "Wata shida kuma? Mu da muka yi shekara?"

Ta ce, "Yaya, na san kin gaji. Amma in muka yi gaggawa muka ɗauki wadda ba ta aiki, shekara biyar za ki yi."

Ta iya magana, ba laifi. Amma ban huce ba.

Ana neman mai kula da filin, wanda zai buɗe ƙofa, ya duba inji, ya kori awaki. Tun kafin a nemi kowa Baba ya riga ya bi Injiniya da ma'aikatanta yana kallon yadda suke huda 'yan siraran rijiyoyin gwaji, bututu ne kawai mai kaurin dantse da suke zura kwalba su ɗebo ruwan ƙasa. Ya nuna wani gefe ya ce, "Injiniya, in ruwan da ke zuwa gidajenmu kike nema, nan za ki huda. Ruwan wurin nan gabas yake gangarawa, sau bakwai ina shiga ƙarƙashinsa." Ta huda a wurin, kwalbar ta fito tana wari. A ranar ta ɗauke shi aiki. Aka ba shi safar hannu da hular kwano, ya dawo gida yana takawa ɗaiɗai.

Suka kwaso ƙasar da ta sha fetur daga ramin tankin, suka cakuɗa ta don ta zama iri ɗaya, suka raba ta tsibi uku, kowanne ya kai ƙirjin mutum, aka lulluɓe da tamfol. Na farko an cusa masa bututu masu huji, inji yana hura masa iska. Na biyu an barbaɗa masa wani farin gari da aka kawo a buhu daga ofis, wai abinci ne na wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke cikin ƙasa suna cin fetur in sun sami ƙarfi. Na uku kuwa ba a yi masa komai ba. Injiniya tana sauri za ta shiga mota ta ce, "Baba, wannan na ƙarshen a bar shi haka nan, kada a taɓa shi." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ita a wajenta magana ta ƙare, don duk wanda ya yi irin karatunsu ya san dalili.

Baba bai yi irin karatunsu ba. Ya dawo gida da yamma yana jujjuya abin, ina jin sa yana gaya wa ɗansa. "Yarinyar nan kayan aiki ne ba su ishe ta ba. Bututu ya ƙare a na farko, gari ya ƙare a na biyu, na uku ta rasa abin ba shi, kunya ta hana ta faɗa." Maigidana ya ce ƙila haka ne, ya ci gaba da cin abincinsa. Ni kuma ina gefe ina tausa bayana, ban ko saurara da kyau ba.

Bayan kwana biyu Baba ya ce da ni, "'Yata, kashin kajin nan da kike sharewa, daina zubarwa, ki tara mini a buhu." Na ɗauka shukokinsa zai zuba wa. Har daɗi na ji, an rage mini zuwa bola. Kullum da sassafe sai ya ɗora buhun a baro, da shebur ɗinsa, da wata 'yar jarka, ya fita. Na lura shukokin ba su ƙara kore ba, na lura kuma yana dawowa da gumi kamar wanda ya yi noma, alhali aikinsa buɗe ƙofa ne da korar awaki. Amma ina fama da jarkokina, ban bi ta kai ba.

Duk ƙarshen wata su Injiniya kan zo su ɗaga gefen tamfol, su ɗebi ƙasa a kwalabe masu lamba, su kai ɗakin gwaji. Da wata shida suka cika ta sake tara mu a tsakar gidanmu. Wannan karon har da manajan gidan man, ya shigo da farar riga yana murmushi tun daga ƙofa, abin da ya sa na sha jinin jikina. Baba ya zauna a gefen rijiya, ya jingina da murfin ƙarfen, hular kwanonsa a kan gwiwa.

Injiniya ta buɗe takardunta, fuskarta ba walwala. Ta ce na farko, mai iska, fetur ɗinsa ya ragu sosai. Na biyu ma ya ragu. Ta gyara gilashi. "Na ukun ne ya ɗaure mini kai. Shi da ba a yi masa komai ba, ya ragu daidai da sauran, har ya ɗan fi na biyu. Sau uku na sa aka maimaita gwajin."

Wata maƙwabciyarmu ta ce, "To ai alhamdu lillahi, ko?"

"Bari in gaya muku abin da hakan ke nufi," in ji Injiniya. "Na ukun shi ne ma'auninmu. Da gangan muka bar shi, don mu ga abin da ƙasa za ta yi in ba a taimake ta ba. Da shi ake gane ko sauran biyun sun yi aiki. Tun da ya warke da kansa, ofis zai ce ba a bukatar inji, ba a bukatar tono sauran ƙasar. Za a kwashe kaya, a bar filin yadda yake, a riƙa zuwa duba ruwa jefi-jefi har ya gyaru don kansa."

Na ce, "Har yaushe?"

"In filin ya bi sahun tsibin nan, ba zai daɗe ba. In kuma bai bi ba…" Ta rufe takardar. "Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, Yaya. Amma abin da kwalba ta ce shi zan rubuta. Jibi zan miƙa rahoto."

Manaja ya ce ai dama ya faɗa, ƙasa na wanke kanta, mutane ne ba su da haƙuri.

Ni kuwa tun daga "ba a yi masa komai ba" na fara zargin wani abu. Buhu, baro, shebur, gumi, duk suka haɗu a kaina lokaci guda. Na juya na dubi Baba. Ya sunkuyar da kai yana murza bakin hular nan, jijiyar wuyansa ta tashi. Na san ya gane, shi ma ya san na gane. In aka miƙa rahoton nan a haka, injin zai tafi, ƙasar da ke ƙarƙashin filin za ta ci gaba da tsiyaya mana fetur, ba kuma wani tsoho da zai shiga can ƙasa ya juya ta da shebur. Kwaɗon nan a kan rijiyarmu zai yi tsatsa. Maganar tana bakina tana ƙona ni. Amma yaya zan tona wa uban mijina asiri a gaban gida bakwai da baƙi? Ni da magana ba ta kwana a cikina, ranar na ciji leɓena, na zuba masa ido kawai.

Ba wanda ya gan shi yana yi. Da ya yi shiru shi ke nan, zai ci gaba da zama Baba Mai Guga da bai taɓa kuskure a kan ƙasa ba. Mutane har sun fara neman takalmansu. Sai ya dafa murfin rijiyar ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Injiniya, kada ki miƙa takardar nan. Akwai ƙarya a ciki, kuma ni na sa ta."

Kowa ya tsaya cak.

"Tsibin nan na uku na taɓa shi. Kullum ina taɓa shi. Nakan yaye tamfol in juya shi da shebur, in zuba masa kashin kaji, in yayyafa ruwa, in mayar in rufe yadda na same shi. Wata shida ban yi fashi ba sai ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni."

Injiniya ta cire gilashinta. "Haba Baba! Ba na ce kada a taɓa ba?"

"Kin ce. Na ɗauka kayan aiki ne suka ƙare miki, kike jin nauyin faɗa. Na ce yarinya ce, baƙuwa ce, taimakonmu ta zo, bari in rufa mata asiri. Ga 'yan'uwansa biyu ana ba su iska ana ba su abinci, shi yana gefe ko ruwa babu. Ban iya kallo ba." Ya miƙa mata hular kwanon da hannu biyu. "Ga kayanku. Na ɓata miki wata shida, na ɓata wa mutanen nan wata shida. Ku yafe mini."

Manaja ya fara cewa ai maganar tsoho ba hujja ba ce, takarda ta riga ta nuna. A nan ne bakina ya sami hanya. Na ce, "Malam, kajina ne, ni na tara kashin da hannuna, buhu-buhu. In shaida kake so ga akurkin can, je ka tambaye su." Aka kwashe da dariya, har waɗanda ransu ya ɓaci. Manaja ya nemi takalmansa.

Injiniya ba ta karɓi hular ba. Ta dafe kai ta daɗe, kafaɗunta suna rawa, ban san ko kuka take ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Da ta ɗago ta ce, "Shi ya sa ƙasar tsibin ke da laushi in na zura ƙarfen ɗiba. Baba, laifin nawa ne. Na ba ka umarni ban gaya maka dalili ba, kai da ka nuna mini inda ruwa yake bi. Da ka yi shiru yau, da na sa hannu a kan abin da zai cuci gida bakwai, ina ganin gaskiya na rubuta. Mayar da hularka."

Aka sake daga farko. Ba zan ce na ji daɗi ba. Wata shida aka ƙara mini na jarka, da na tuna kuma cewa 'yar jarkar da yake fita da ita daga ruwan da na ɗauko da bayana yake cika ta, sai da murfin tukunya ya lotse ranar. Wasu maƙwabta sun yi mako biyu suna amsa gaisuwarsa a daƙile. Baba bai kare kansa ba. Amma washegarin taron na fito zan tafi famfo, na tarar da jarkokina a jere a ƙofar kicin, shida cif, a cike. Na ce, "Baba, wannan ai aikina ne." Ya sha mur ya ce bai san zancen da nake yi ba. Haka ya yi ta yi kullum da baronsa, har da na tsohuwar gida na huɗu da ba ta da mai ɗebo mata.

Wannan karon tsibi huɗu aka yi. Mai iska, mai farin gari, wanda za a bari, sai na huɗu da Injiniya ta rubuta wa "Hanyar Baba" a ɗan allo: kashin kaji, juyi da shebur, yayyafin ruwa, amma yanzu da awo, komai ana rubutawa. Wanda za a bari kuwa ta sa aka kewaye shi da waya, ta sa kwaɗo, ta damƙa wa Baba makullin. Ta ce, "Kai ne mai gadinsa. Wahalar da zai sha ita za ta sa a yarda sauran ba da kansu suka warke ba." Na sha leƙawa ta saman katanga in gan shi yana zagaya wayar nan, hannuwansa a goye a baya kamar mai tsoron kada su kuɓuce masa. Wata rana na ji yana ce wa tsibin, "Yi haƙuri, saura wata biyu."

Da watanni suka cika, gaskiya ta fito fili. Wanda aka bari yana nan da fetur ɗinsa, kaɗan ya ragu. Mai iska ne a gaba, na Baba yana biye da shi, ya wuce farin garin ofis. Rahoton da aka miƙa ya ce filin ba zai gyaru da kansa ba. Ranar da aka ce gwaji ya ƙare, kafin kowa ya motsa Baba ya ce, "Injiniya, yanzu ina iya taɓa shi?" Ta ce ya taɓa. Ya buɗe kwaɗon, ya yaye tamfol, ya kafa shebur, bai ɗago ba sai da ya juya tsibin nan kaf.

Aka kawo babbar mota ta tono sauran ƙasar, aka jera ta dogayen kunyoyi, ana hura mata iska ana juya ta da taki. Kajina suka kasa, sai da aka riƙa kawo kashi daga wata gonar kaji. Aka kuma zura bututu har cikin ruwan ƙasa ana hura masa iska shi ma. Ruwa ya fi ƙasa taurin kai, shekara biyu da rabi aka ƙara, Injiniya tana zuwa da kwalabenta, lambobin suna sauka a hankali. A cikin shekarun nan idon Baba ya rage gani, baron ya fara yi masa nauyi, maigidana ya karɓe shi ba tare da sun yi maganar ba. Ni dai duk ranar da na ji ƙarar injin nan a bayan katanga sai in gode wa Allah da ya ba ni surukin da ya fi son mu sha ruwa a kan ya tsira da sunansa.

Wata Laraba da hantsi Injiniya ta shigo da takarda da makullin rijiyarmu. Ta ce gwaji huɗu a jere ruwan ya fito lafiya, tsohon ruwan da ya kwanta a rijiyar an zuƙe shi, sabon da ya taru ma ta gwada. Baba ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai don ladabi, sannan ya je ya sauko da gugan daga ƙusar da ya rataye shi shekara huɗu da rabi. Igiyar ta mutu, maigidana ya ɗaura sabuwa. Baba ya zura, muka ji gugan ya daki ruwa, ƙarar da ban san na yi kewarta haka ba. Ya jawo a hankali, ya ƙi a taya shi. Ya kai hanci ya daɗe. Ya karkata gugan wajen rana, ya kira ni in duba masa. Na duba, ba maiƙo, sai fuskata a ciki.

Ya ɗebo a kofinsa na ƙarfe ya miƙo mini. "Ke kika fara jin warin, 'yata. Na fi yarda da hancinki a kan takarda. Sha ki gaya mana."

Na sha. Ruwa ne kawai, mai sanyi, da ɗan ɗanɗanon ƙasa. Na buɗe baki in yi masa godiyar da na daɗe ina tarawa, sai na ga ya fara haɗa gira zai sha mur. Na ce, "Baba, bari in ɗora shayi." Ya ce to. Ya karɓi kofin, ya sunkuya, ya ɗiga ragowar ruwan a kan wata 'yar ciyawa da ta tsiro a tsagin simintin bakin rijiya, ni kuwa ban yi tsaki ba.